Yadda za ka zaɓi gidan cin abincin Turawan Ingila a Landan

Da yawa daga cikin mutanenmu da ke zuwa Landan, ko don karatu, ko ganin likita, ko hutu, sukan yi makonni har watanni ba su taɓa sa abincin masu ƙasar a bakinsu ba. Daga soyayyar kaza ta shagon da ke kusa da masauki, sai shinkafa dafa-duka a gidajen abincin 'yan Najeriya na Peckham, sai gasasshen nama a wajen Larabawan titin Edgware, sannan a koma gida ana cewa Bature bai iya girki ba. A iya abin da na gani, abu biyu ne ke jawo haka: tsoron kada mutum ya ci haram bai sani ba, da kuma cewa a rana ɗaya tilo da aka gwada an faɗa wurin da bai kamata ba, saboda yunwa ce ta yi zaɓin. Duka biyun suna da magani idan aka yi binciken tun a masauki, kafin a fita, aka kuma bi shi daki-daki.

Fara da sanin irin gidan da kake nema

Wuraren da ake cin abincin gargajiyar Ingila iri-iri ne, kowanne da tsarinsa da lokacinsa, kuma wanda bai bambance su ba zai sha wahalar da ba ta da dalili. Mafi sauƙi ga baƙo shi ne shagon kifi da dankali, wanda masu garin ke kira chippy. A nan ana tsoma kifi cikin kwaɓin fulawa a soya shi, a haɗa da soyayyen dankalin Turawa mai kauri, a barbaɗa gishiri a yayyafa ruwan khal, wani lokaci da wani koren wake da aka dama. Kifin da aka fi sayarwa iri biyu ne, cod da haddock. Mutanen kudu sun fi cin na farko, na arewacin Ingila da Sikotland kuma sun fi son na biyu. Yammacin Juma'a ne ranar cikarsu, don haka idan ka ga layi har waje a irin wannan lokaci, alama ce mai kyau, domin kifin bai jima da fita daga mai ba.

Sai ƙananan shagunan karin kumallo da ake kira caff, inda magina da direbobi da ma'aikatan dare ke cin abinci da farar safiya, akasari su rufe da la'asar. Sai gidajen shayin yamma, daga ƙanana na unguwa zuwa na manyan otal-otal. Sai kuma gidajen abinci na sosai, masu tebur da farin ƙyalle, waɗanda mafi tsufansu a Landan shi ne Rules da ke unguwar Covent Garden, wanda aka buɗe tun 1798, ya kuma shahara da naman farauta. A gabashi da kudancin birnin akwai ragowar tsofaffin shagunan pie and mash, abincin talakawan Landan na da, wato niƙaƙƙen naman sa da aka gasa cikin ɓawon fulawa, da dakakken dankali, da wata koriyar miya. Sunan miyar liquor, kalmar da a wani wurin take nufin barasa, amma a nan miyar ganyen faski ce kawai.

Wuri na ƙarshe shi ne wanda ya fi ɗaure wa Bahaushe kai, wato pub. Asalinsa mashaya ce, amma a Ingila nan ne ake samun kaso mai yawa na abincin gargajiya, musamman gashin ranar Lahadi, wato gasasshen nama da dankali da ake ci a wannan rana, kuma da rana za ka tarar da iyalai har da jarirai a ciki. Ko ya halatta Musulmi ya zauna cin abinci a inda ake sayar da giya, wannan magana ce tsakaninsa da malaminsa, ba ni zan yanke ba. Abin da zan iya gaya maka shi ne mafi yawan gidajen abinci a Landan, har da waɗanda ba mashaya ba, suna sayar da ita, saboda haka gara ka tsai da matsayarka tun yanzu, domin ita za ta rage maka jerin wuraren da za ka duba. Wanda ya zaɓi ya guje wa irin waɗannan wurare gaba ɗaya bai rasa komai ba: shagunan kifi da na karin kumallo da yawa ba su da lasisin giya, kuma a unguwannin Musulmi irin su Whitechapel, kusa da Masallacin Gabashin Landan, akwai gidajen da ke yin karin kumallon Ingila da gashin Lahadi da naman halal zalla.

Lambar tsafta

Da zarar ka sami sunaye uku ko huɗu, abin da za ka fara dubawa shi ne lambar tsafta, kuma ba zai ɗauke ka minti biyu ba. Tun 2010 hukumar kula da ingancin abinci ta ƙasar, FSA, take gudanar da wani tsari wanda jami'an ƙaramar hukuma ke zuwa gidan abinci su duba yadda ake sarrafa abincin da adana shi, da tsaftar ginin da kayan aikinsa, da kuma yadda masu wurin ke rubuta matakan kariyarsu, sannan su ba shi lamba daga 0 zuwa 5. Lamba 5 tana nufin tsafta ta yi kyau ƙwarai, 3 tana nufin ba laifi, 0 kuwa tana nufin ana bukatar gyara cikin gaggawa. Ana ba su wata takarda mai launin kore da baƙi su liƙa a ƙofa ko a taga.

A Wales da Arewacin Ireland doka ta tilasta liƙa wannan takarda, amma a Ingila ganin dama ne, kuma a nan wayon yake: wanda ya sami 5 da wuya ya ɓoye ta, don haka ƙofar da babu komai a jikinta ta cancanci a bincika. Shiga shafin hukumar a intanet, rubuta sunan wurin ko lambar unguwarsa, za ka ga lambar da ranar da aka yi binciken. Ni dai ba na sauka ƙasa da 4, musamman idan da yara ko dattijo mai jinya a tare da ni. Sai dai ka riƙe cewa lambar ba ta cewa komai game da daɗin abinci. Akwai wurare masu 5 da girkinsu salam yake. Wanda tafiya ta kai shi Edinburgh ko Glasgow zai tarar da wani tsarin daban, inda ba a ba da lamba, sai dai a ce wuri ya ci jarrabawa ko yana bukatar gyara.

Maganar halal, da yadda ake karanta jerin abinci

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka ɓata lokacinka. Kusan kowane gidan abinci yana sa jerin abincinsa a shafinsa na intanet ko a manhajar taswira ta Google, don haka karanta shi tun kana zaune a ɗaki, ba sai mai kawo abinci yana tsaye a kanka da alƙalami ba.

Naman alade yana da sunaye da yawa a wannan jeri, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke ɗauke da kalmar pork da kowa ya sani. Duk inda ka ga bacon, ham, gammon, pancetta, chorizo ko crackling, alade ne. Lard kuma kitsensa ne, ana sa shi a wasu ɓawon fulawa. Sosej ɗin Ingila, in dai ba a rubuta akasin haka ba, na alade ne, kuma shi ne a cikin bangers and mash da toad in the hole. Black pudding da ake jerawa a farantin karin kumallo, baƙi mai zagaye, da jini ake yinsa, duk da cewa kalmar pudding a bakin Bature yawanci kayan zaƙi take nufi. Ni kaina na taɓa faɗawa tarkon Scotch egg a shekarata ta farko: na ga dafaffen ƙwai a naɗe cikin wani abu mai ruwan ƙasa da aka soya, na ɗauka irin ƙwai cikin fulawa ne da ake sayarwa a makarantunmu, har na miƙa kuɗi, sai matar da ke bayan kanta ta dubi hulata ta ce mini abin da ke zagaye da ƙwan naman sosej ne. Allah ya saka mata, amma ba kullum ake dacewa da irinta ba.

Giya ma tana shiga girki ta hanyoyin da baƙo ba zai zata ba. Steak and ale pie da giya ake dafa namansa, sunan ma ya faɗa. Romon da ake kwarara wa gashin Lahadi sau da yawa akwai jar giyar inabi a cikinsa. A kayan zaƙi, trifle yakan zo da sherry, Christmas pudding da brandy, wasu kuma da gelatine wanda akan samo daga alade ko saniya. Kifi ma bai tsira ba, domin a mashaya da gidajen abinci da yawa za ka ga an rubuta beer-battered, ma'ana da giya aka kwaɓa fulawar. Shagunan chippy na unguwa sun fi amfani da ruwa, amma su kuma suna da tasu tambayar: da wane mai ake suyar? Wasu da man tsirrai suke yi, wasu, musamman a arewacin Ingila, da kitsen sa, kuma kusan dukansu suna sayar da soyayyen sosej, don haka ya dace ka tambaya ko kasko ɗaya kifin da sosej ɗin suke shiga.

Ga naman sa da rago da kaza, ɗauka cewa ba yankan Musulmi ba ne har sai an tabbatar maka. Akwai hukumomi masu ba da shaidar halal, sanannu daga ciki su ne HMC da HFA. Bambancinsu shi ne HMC ba ta yarda a sumar da dabba kafin yanka ba, kuma tana aika masu sa ido zuwa shagunan da ta ba shaida, ita kuwa HFA ta amince da wani nau'in sumarwa muddin dabbar tana da rai lokacin yankan. Wurare da yawa ba su da shaidar kowace hukuma, sai dai su ce mai kawo musu nama ne yake da ita. Tambayar da ta fi amfani ita ce ko dukkan naman halal ne ko kazar kawai, domin an sha samun wurin da ya liƙa kalmar halal a taga alhali kazarsa ce kaɗai take haka. Manyan kamfanoni masu rassa irin su Nando's da KFC ma wasu rassansu ne kawai ke sayar da kazar halal, ba duka ba, don haka reshen da za ka je shi za ka duba.

Kada ka ji nauyin tambaya. Dokar ƙasar ta wajabta wa gidajen abinci su sanar da mai ci idan abincinsu yana ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwa 14 da jikin wasu ba ya jituwa da su, ciki har da gyaɗa da riɗi da madara da ƙwai da kifi, saboda haka ma'aikatan sun saba da a tsai da su a tambayi abin da ke cikin tukunya, su ma sukan riga ka tambaya. Alade da giya ba sa cikin waɗannan 14, amma al'adar zuwa kicin a tambayo mai dafuwa ta riga ta zauna. Idan ma'aikaci ya amsa maka da "ina jin babu" ba tare da ya je ya tambayo ba, ka nemi ya je. Idan ya nuna ƙosawa, ka sami amsarka game da wurin baki ɗaya. Mafi kwanciyar hankali shi ne ka buga waya da hantsi, lokacin da ba su da cunkoso.

Bayan duk wannan tacewa mai karatu zai iya zaton babu abin da ya rage, alhali da saura da yawa. Akwai kifi da dankali a shagon da ya amsa tambayoyinka. Akwai fish pie, kifi cikin farar miyar madara an rufe shi da dakakken dankali an gasa, bayan ka tambaya ko an sa farar giya. Akwai karin kumallo na marasa cin nama, da ƙwai da wake cikin miyar tumatir da gasasshen burodi da tumatir da laimar kwaɗi. Harafin V a gefen abinci yana nufin babu nama ko kifi a ciki, VG ko VE kuma babu komai na dabba, sai dai waɗannan alamu ba su hana giya ba. A gidan da namansa halal ne kuwa, gwada shepherd's pie na naman rago, ko gashin Lahadi cikakke: yankakken naman sa, gasasshen dankali, karas da kabeji, da Yorkshire pudding, wani kumburarren gashin fulawa da ƙwai da madara mai rami a tsakiya don ya riƙe romo. A kayan zaƙi, wanda ban taɓa ganin Bahaushen da ya ƙi shi ba shi ne sticky toffee pudding, domin da dabino ake yinsa.

Gargaɗi ɗaya game da ɗanɗano. Girkin Ingila ba ya dogara da barkono ko daddawa ko kayan ƙamshi masu ƙarfi; ƙarfinsa yana ga kyawun naman da kifin, da man shanu, da iya gashi. Wanda ya zauna yana jiran zafin yaji zai tashi da fushi. Na san masu yawo da ƙullin yajin tsire a aljihu, kuma a shagon kifi babu wanda zai kalle ka. Haka nan Turawa suna son naman sa da sauran ja a tsakiya, don haka in ba ka son ganin haka, ka faɗa tun wajen oda cewa well done kake so.

Sharhin mutane da inda wurin yake

Taurarin da mutane ke bayarwa a Google da Tripadvisor suna da amfani, amma da iyaka. A 2017 wani ɗan jarida ya mai da rumfar bayan gidansa a unguwar Dulwich gidan abinci na ɗaya a duk Landan a shafin Tripadvisor, da sharhin ƙarya da hotunan bogi, alhali bai taɓa sayar wa kowa ko cokali ɗaya ba. Saboda haka ka bar jimillar taurari, ka jera sharhin daga mafi sabo, ka karanta na watanni uku da suka wuce, musamman na masu ba da taurari uku, domin su ne suka fi faɗin abin da ya yi kyau da wanda bai yi ba. Dubi hotunan da masu ci suka ɗauka da wayarsu, ba waɗanda gidan ya ɗauka ba. Idan kana neman wurin babbar liyafa, tauraron Michelin da furen AA shaida ce ta ƙwararrun masu bincike, kuma Michelin tana da wata alama mai suna Bib Gourmand ga wuraren da girkinsu ya yi kyau farashinsu kuma bai yi tsanani ba.

Game da wuri, ƙa'idata ita ce in yi tafiyar minti goma daga duk inda masu yawon buɗe ido suka yi dandazo, kamar dandalin Leicester da Piccadilly. Hayar shago a can tana da tsada, kuma mai wurin ya san yawancin masu shigowa ba za su sake dawowa ba. Jerin abinci mai shafi shida da ya haɗa kifi da taliyar Italiya da shinkafar Indiya, da mutum a bakin ƙofa yana kiran masu wucewa, duka alamu ne na a yi gaba. Gajeren jeri a allo, wanda ke sauyawa da yanayin shekara, ya fi nuna cewa akwai mai dafuwa na gaske a ciki. Ka kuma duba nisan wurin da masallaci, domin a watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, ta yadda dogon zaman cin abincin rana zai iya haɗiye La'asar da Magariba.

Lissafin kuɗi

Farashin da ke jikin jerin abinci ya riga ya haɗa da harajin VAT na kashi 20 cikin 100, don haka ba za a ƙara maka haraji a ƙarshe ba. Abin da ake ƙarawa shi ne kuɗin hidima, wanda a Landan yawanci kashi 12.5 ne, ana kuma rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a ƙasan jerin. Idan kun ci abincin fam 80, takardar za ta zo da fam 90. In an rubuta cewa na ganin dama ne, kana da ikon cewa a cire shi idan hidimar ba ta gamsar da kai ba, kuma in ka biya shi babu bukatar wani tukuici a kai. Tun ranar 1 ga Oktoba 2024 doka ta wajabta wa masu gidajen abinci su miƙa wa ma'aikata wannan kuɗi gaba ɗaya. A shagon kifi, da duk inda ka biya a kanta, ba a sa ran tukuici.

Akwai wasu ƙananan ramuka da kuɗi ke zurarewa. A gida mun saba da faranti ɗaya ya zo da shinkafa da miya da nama a kuɗi ɗaya, amma a gidajen abinci masu tsada naman yakan zo shi kaɗai, dankali da ganye kowanne da farashinsa. Idan ma'aikaci ya tambaye ka still ko sparkling, ruwan kwalba na kuɗi yake nufi. Ka ce tap water, za a kawo maka ruwan famfo, wanda ake sha lafiya lau, kuma duk wurin da ke da lasisin sayar da giya dole ne ya ba da shi kyauta. A shagunan burodi da shayi za ka ga farashi biyu ga abu ɗaya, na ci a nan da na tafiya da shi, saboda abinci mai sanyi da aka fita da shi ba a ɗora masa wancan haraji. Hanya mafi arha ta ɗanɗana girkin babban gida ita ce abincin rana na ranakun aiki mai tsayayyen farashi, ko wanda ake yi wa masu zuwa gidan wasan kwaikwayo da misalin ƙarfe 5 zuwa 6:30 na yamma. Ka kuma tabbatar katinka yana aiki a ƙasar waje, domin wurare da dama sun daina karɓar tsabar kuɗi.

Lokaci, ajiye tebur, da zaman kansa

Turawan Ingila suna cin abincin dare da wuri, tsakanin ƙarfe 6:30 da 8:30, kuma kicin da yawa suna daina karɓar oda wajen ƙarfe 9 ko 10 ko da ƙofar wurin tana buɗe. Gashin Lahadi daga tsakar rana ake fara shi, kuma a wuraren da suka iya shi yakan ƙare kafin yamma ta yi. Daren Juma'a da na Asabar da ranar Lahadi suna bukatar ajiye tebur tun kwanaki kafin lokacin, ta shafin gidan ko manhaja irin OpenTable. Wasu za su nemi lambar katinka su cire tara idan ba ka zo ba kuma ba ka sanar ba, wasu kuma za su gaya maka teburin naka ne na awa ɗaya da rabi ko biyu. Lokacin da aka rubuta shi ne lokacin. Jinkirin kwata ɗaya ya isa a ba wani teburinka. Faɗi ainihin yawanku, har da yara, domin ba a jawo kujera a ƙara mutum uku kamar yadda muke yi a gida, kuma wasu mashayu ba sa barin yara bayan wani lokaci da dare. Manyan otal-otal masu shayin yamma suna da dokar sutura, Ritz misali tana bukatar kwat da laktaye ga maza, don haka mai niyyar zuwa da kaftani ko babbar riga ya tambaya lokacin ajiye teburin.

A gidan abinci na sosai, ka tsaya a bakin ƙofa har a zo a kai ka mazauni. A pub kuwa akasin haka ne. Ranar da na fara raka wani kawuna da ya zo ganin likitan ido, mun zauna a wani tebur kusa da taga, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, muna ta kallon ma'aikata suna wuce mu da farantai kusan minti ashirin. Can ya ce, "Kai, yaro, ko dai mutanen nan ba sa son baƙi ne?" Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, bari in je in gani." Ashe a irin wannan wuri kai ne za ka duba lambar da ke manne a teburinka, ka je kanta, ka faɗi abin da kake so da lambar, ka biya nan take, sannan a kawo maka. Babu layi a zahiri a gaban kantar, amma mai sayarwa yana riƙe da wanda ya riga wani zuwa, kuma ana sa ran kai ma ka riƙe.

Ba a kiran ma'aikaci da tafi ko tsaki ko ƙyasta yatsa. Haɗa ido da ɗan ɗaga hannu ya wadatar. Turawa suna riƙe cokali mai yatsu da hagu, amma babu wanda zai damu idan ka yanka namanka ka mai da cokalin hannun dama. In abinci ya zo da sanyi ko ba shi ka nema ba, faɗa nan take kafin ka ci rabinsa, za a sauya. Idan ka gama, jera wuƙa da cokali wuri ɗaya a tsakiyar faranti, shi ne alamar a kwashe. Takardar kuɗi ba ta zuwa sai ka nema, kuma idan abokan karatu ko na aiki ne suka ce a fita cin abinci, kada ka ɗauka wanda ya kira shi zai biya kamar yadda aka saba a wajenmu. Yawanci kowa nasa yake biya, ma'aikacin kuma zai zagayo da na'urar kati ya karɓa daga hannun kowa. Karanta takardar layi-layi kafin ka miƙa katin, ka ga ko an riga an sa kuɗin hidima, domin wasu na'urorin suna sake tambayar tukuici a kan allo ko da an sa. Abin da ya rage a faranti kuma kana iya cewa a zuba maka a kwali ka tafi da shi masauki.